Shaidar da na koma na gyara

Karatu: 2 Sarakuna 5:1-14

Da yawa daga cikinku kuna nan a sujadar godiya ta ƙarshen shekarar 2024, ranar da na fito gaba na karɓi makirfo na ce Ubangiji ya warkar da ni daga ciwon kan da ya bi ni tun ina aji uku a sakandare. Aka yi tafi, mai ganga ya saki hannu, wata uwa daga zumuntar mata ta rangaɗa guɗa. A ranar ban yi ƙarya ba. Na yi mako bakwai cur kaina bai sara ba, abin da ban taɓa samu ba, kuma da zuciya ɗaya na gaskata an gama. A mako na biyu na Janairu ciwon ya dawo. Ban gaya wa kowa ba. Daga nan ne ƙaryar ta fara.

Wanda bai taɓa yin irin wannan ciwo ba yakan ɗauka ciwon kai duk ɗaya ne, a sha Panadol biyu a koma aiki. Nawa yana aiko da manzo kafin ya iso. Sai in ga wani haske yana rawa a gefen idona na hagu, kamar rana ta bugi fasasshen madubi, rubutun da ke kan allo ya riƙa ɓacewa ta gefe. Bayan kamar minti ashirin hasken ya tafi, sai dakan ya fara a bayan idon, ɓari ɗaya kawai, kamar an kafa turmi ana kirɓa. In na sunkuya ya ƙaru. Hasken taga ya zama makiyi, muryar yara 'yan aji biyu ta zama guduma, ƙamshin suya daga maƙwabta ya juya mini ciki. Daga nan sai amai. Yakan kwana ɗaya, wani lokaci biyu, ya bar ni kamar tsumman da aka matse.

Kowa da nasa bayanin. A gari wasu sun ce iska ce, wasu sun ce jifa. A cikinmu masu bi kalmomin ne suka canza, ma'anar ɗaya: kibiyar magabci, ko la'anar gida, tun da mahaifiyata ma tana yi, kakata ta wajen uwa ma an ce takan ɗaure kai da ɗankwali ta shige ɗaki kwana biyu. An ɗora mini hannu ba sau ɗaya ba, kuma na san waɗanda suka yi da ƙauna suka yi. Abin da ban faɗa musu ba shi ne jakata ba ta rabuwa da ƙwayoyi. Na fara da farasitamol, na koma masu haɗin kafin, daga baya wani mai kemis ya ba ni tiramol, wata rana ma ya yi mini allurar fenta na yi barcin awa goma. Ran Lahadi ina gaba a ƙungiyar mawaƙa, ran Litinin da magariba ina bakin kanta da naira ɗari biyar a hannu.

Ina koyarwa ne a Kashin Zama, cikin ƙaramar hukumar Aliero, ina haya a gidan wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Inna. Ran Lahadi nakan hau mashin in fita titi in nemi mota zuwa Jega sujada. Inna musulma ce ta gaske, ba ta wasa da salla, kuma tun da na shiga gidanta ba ta taɓa yin tuwo ba tare da ta aiko mini da malmala ba.

Watan Maris na 2025 ya zo da zafin da kuka sani. Gari duk ana azumin Ramadan, kuma labari ya bazu cewa sanƙarau ya ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero, an rasa rayuka. A wannan lokacin ne na yanke wa kaina azumin kwana uku, ba ci ba sha, a ɓoye. In zan faɗi gaskiya, ba fuskar Ubangiji nake nema ba. So nake in ƙwato shaidata kafin kowa ya gane ta zube. A rana ta biyu da la'asar hasken nan ya ɓullo a idona. Na karya azumin da ƙwayoyi biyu da ruwan randa, bayan rabin awa na amayar da su yadda na haɗiye su, ko narkewa ba su yi ba. Na sake sha, suka sake dawowa. Haka na kwana tsakanin tabarma da bokiti.

Da asuba mutanen gida suka tashi sahur, Inna ta ji kakarin amai. Ta buga ƙofa.

"Malama, lafiya? Buɗe ƙofag ga."

Na buɗe da rarrafe. Ta haska ni da tocila, na kare ido na yi ƙara.

"Inna, ciwona ne na kullum, zai wuce."

"Wanga ciwo ba na zama ɗaka ba na, ɗiyata. Kin jiya abin da ka faruwa Gwandu."

Ba ta jira amsata ba. Ta kira ɗanta, ya bar kokon furarsa ya tayar da akori-kurar da yake kai albasa kasuwar Aliero da ita. Lokacin girbin albasa ne, motar kuwa ta sha kaya a jiya. Wanda ya san yadda wari ke yi wa mai wannan ciwo zai gane irin tafiyar da na yi. Inna ta riƙe kaina a cinyarta tana ta addu'a a hankali irin tata, ni ma ina tawa a zuci, ba mu tsaya ba sai ƙofar sashen gaggawa na wani asibitin gwamnati.

Likitan da ke kwana bai kai shekara talatin da biyar ba, kuma a fuskarsa ka san bai runtsa ba. Bai fara da magani ba. Ya sa aka auna zafin jikina da hawan jini, ya kwantar da ni ya sa hannu ƙarƙashin ƙeyata ya lanƙwasa wuyana har haɓata ta taɓa ƙirji, ya duba fatata, ya haska idanuna ɗaya bayan ɗaya, ya sa na matse yatsunsa da hannu biyu. Aka ɗebi jini don gwajin zazzaɓin cizon sauro. Sai tambayoyi: Farat ɗaya ya sauko kamar tsawa, ko a hankali ya taso? Ya bambanta da wanda kika saba? Akwai yiwuwar ciki? Me kika sha, nawa, sau nawa a wata? A tambayar ƙarshe na yi shiru, sannan na zazzage masa jakar a kan gado. Ya dubi tarin fakitin bai ce komai ba.

Ya juya wajen Inna ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki, alamu ba su nuna sanƙarau ba. Ciwon ɓarin kai ne, mu muna ce masa maigiren." Inna ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala.

Ni kuwa na riga na san abin da nake so. Na ce, "Likita, don Allah a yi mini fenta, ita ce take yi mini." Ya girgiza kai. Ya ce za a ɗaura mini ƙarin ruwa, a zuba maganin amai a ciki. Na ji abin kamar zagi. Kaina ke neman tsagewa, shi kuma cikina yake kallo. Na raya a zuciyata ko dai maganin kirki ya ƙare musu, ko ya ga ni ba 'yar kowa ba ce shi ya sa zai sallame ni da abin da ya fi araha. Da ina da ƙarfin tashi, da na ce wa ɗan Inna ya mayar da ni wurin mai kemis.

Sai daga baya, da na dawo hayyacina, na tuna wanda ya riga ni yin wannan fushi. Na'aman shugaban yaƙin Suriya ya zo ƙofar Elisha da dawakai da karusai da kaya niƙi-niƙi, ya riga ya tsara a kansa yadda warkarwar za ta kasance: annabi ya fito da kansa, ya tsaya, ya kira sunan Allahnsa, ya kaɗa hannu a kan wurin. Aka aiko masa da ɗan saƙo ya je ya yi wanka a Urdun sau bakwai. Ya juya da fushi yana lissafa kogunan Dimashƙu da suka fi shi kyau. Barorinsa ne suka lallashe shi, suka nuna masa da abu mai wuya aka ce ya yi da bai yi musu ba. Ni ma abu mai wuya na fi so. Azumin kwana uku ba ruwa ya yi mini daidai, allura mai bugarwa ta yi mini daidai, domin su ne suka dace da girman wahalata a idona. Ƙaramar kwalba ta maganin amai ba ta dace ba.

Amma kafin sauƙi akwai abin da ya faru da nake so ku sani, don kada ya tsorata wani yadda ya tsorata ni. Kamar minti goma da fara shigar ruwan, wani irin rashin natsuwa ya kama ni. Ƙafafuna suka ƙi tsayawa wuri ɗaya, na ji kamar in fizge robar daga hannuna in ruga waje, ban san inda za ni ba, ni dai in bar gadon. Zuciyata ta ce, ga shi nan, abin da aka daɗe ana cewa yana jikinki ne ya tashi. Na fara tsawata masa da ƙarfi cikin sunan Yesu. Nas ɗin, wata babbar mace mai gilashi, ta matso ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, ci gaba da addu'arki, amma wannan maganin ne, yakan yi wa wasu haka." Ta rage gudun ruwan, ta kira likita, aka ƙara mini wata allura. A hankali ƙafafun suka kwanta. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba.

Na farka wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana ta cika ɗakin, kuma ina kallonta ido buɗe. Turmin ya yi shiru. Saura ɗan nauyi kamar wanda ya sauke tulu daga kai. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙasa da carbinta, bakinta a bushe, ta ƙi komawa gida.

Abin da likitan ya bayyana mini a gurguje, da abin da na bi na karanta daga baya, ga shi. Sunan maganin metokulofiramaid, wanda ake sayarwa da sunan Maxolon ko Plasil. Yana da ɗan'uwa, furokulofirazin, wato Stemetil. An yi su ne don tashin zuciya da amai, kuma suna aiki ta hanyar tare wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin. Likitoci sun lura cewa in aka ba mai ciwon ɓarin kai su ta jijiya, ba amai kaɗai ke tsayawa ba, ciwon kansa yana sauka, ko da ba a haɗa da wani maganin zogi ba. Akwai kuma dalilin da ya sa ƙwayoyina suka riƙa dawowa. Idan wannan ciwo ya tashi, tumbi yakan yi sanyin aiki, abin da aka haɗiye ya zauna bai wuce hanji ba balle ya shiga jini. Wani likita a Landan, Glyn Volans, ya nuna haka da asfirin tun a 1974, a shekarar da ta biyo kuma ya nuna metokulofiramaid yana gyara lamarin. Shekaru hamsin ke nan da sanin abin da ni nake ɗauka alamar cewa sihiri ne ke ƙin magani.

Kuma ba maganin talaka ba ne kamar yadda na zarga. A 2016 ƙungiyar likitocin ciwon kai ta Amurka ta fitar da shawara ga sassan gaggawa, ta sa waɗannan magungunan amai biyu a sahun farko na abin da ya kamata a ba mai wannan ciwo, ta ce a guji farawa da allurar mofin da danginta. A 2017 aka buga wani bincike da aka yi a birnin New York kan marasa lafiya 127. Waɗanda aka yi wa furokulofirazin, kashi 60 cikin ɗari sun sami sauƙin da ya ɗore kwana biyu. Waɗanda aka yi wa wata allura dangin mofin, kashi 31 kawai. Bambancin ya fito fili har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. Fenta da tiramol da kodin duk dangi ɗaya ne da mofin: su sa ka barci, ciwon ya jira ka a bakin ƙofa, jiki kuma ya fara nemansu. Mu a arewa ba ma bukatar a ba mu labarin wannan. Mun ga abin da ya sa gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kuma kowannenmu ya san wani saurayi a unguwarsu.

Kada wani ya karanta wannan ya tafi kemis ya ce a ba shi Maxolon ya ajiye a jaka. Rashin natsuwar da na yi ƙaramin abu ne a kan wani da yakan faru, musamman ga matasa da yara: wuya ya murɗe, muƙamuƙi ya ƙage, idanu su juye sama. A asibiti allura ɗaya ke warware shi, a gida kuwa za a ce aljanu ne a ɓata lokaci. Hukumar magunguna ta Turai ma tun 2013 ta ce kada a wuce kwana biyar ana shan sa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Babi ɗaya kafin labarin Na'aman, a 2 Sarakuna 4, akwai yaron matar Shunem da ya bi mahaifinsa wurin masu girbi ya yi kukan kansa, aka kai shi wurin uwarsa, kafin rana ta wuce tsaka ya mutu a cinyarta. Ba kowane ciwon kai ne irin nawa ba. In ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ya sauko farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko mutum ya rikice, ko ya yi farfaɗiya, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko baki ya karkace, ko mace mai ciki ce, ko an bugu a kai, wannan ba na jiran wayewar gari ba ne. A yi addu'ar a cikin mota. Inna ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin magungunan nan ba, amma ta san wannan, kuma da abin da take tsoro ne, gardamata ta "zai wuce" da ta kai ni kabari.

Da na koma ganin likita bayan mako guda, ya gaya mini abin da ya fi allurar ɗaci. Ya ce ƙwayoyin da nake sha sun zama wani ɓangare na ciwon. Wanda ke shan irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko masu ƙarfi irin tiramol kwana 10, har wata uku a jere, maganin kansa yakan riƙa jawo ciwon kai. Ya ce in daina, ya rubuta mini wata ƙaramar ƙwaya ta rigakafi da nake sha kowane dare, ya ce in sayi littafi in riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo da abin da ya gabace shi. Makonni biyun farko sun yi muni ƙwarai. Littafin kuwa bai ɓoye mini komai ba: kwanakin al'ada, ranar da na tsallake abinci, da washegarin duk daren da muka kwana addu'a kusa da lasifika. Ya kuma ce ba ni kaɗai ba ce, kusan mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana da shi, mata sun ninka maza sau uku, kuma yana bin jini. Abin da muka yi shekaru muna karyawa a matsayin la'anar gidanmu, gado ne irin na gajarta da wushirya.

Maganar azumi ta dame ni, na kai ta wurin matar fastonmu. Na ce, "Mama, in ba zan iya azumi ba, me ya rage mini?" Ta yi dariya ta ce ita da ciwon suga ta fi shekara goma ba ta yi na yini ba, kuma ba ta ga Ubangiji ya rage jin ta ba. Ta tuna mini Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba, kuma shi da kansa ya rubuta haka ga ikkilisiyar Korinti, bai ɓoye ba. Ta tuna mini Hezekiya, wanda Allah ya yi wa alkawarin ƙarin shekara goma sha biyar, amma duk da haka Ishaya ya sa aka shafa masa curin ɓaure a kan marurun. Sannan ta daina dariya ta ce, "Amma 'yata, akwai bashin da ke kanki. A gaban jama'a kika faɗa."

Na yi mako uku ina kewaye-kewaye. Ran Lahadin da na tashi a taron matasa, ƙafafuna suna rawa fiye da na daren asibiti. Na ce ciwon ya dawo tun Janairu, na ɓoye, na sha tiramol, na yi azumi don in rufe kunyata, kuma wata tsohuwa musulma da likita da kwalbar maganin amai ne Ubangiji ya yi amfani da su. Ba a yi tafi ba. Mai ganga ya duƙar da kai. Bayan an tashi wani ɗan'uwa da nake girmamawa ya tare ni ya ce da na yi shiru, domin akwai waɗanda shaidata ta farko ta ƙarfafa, yanzu na sa musu shakka. Ban raina maganarsa ba, har yau ina juya ta. Na san akwai wanda ya ji ni a Disamba ya koma gida da bege. Abin da na iya ce masa kawai shi ne ban san yadda zan ci gaba da tsayawa a gaba ina waƙa ba alhali jakata na cewa wani abu dabam. Har yanzu ina gaskata Ubangiji yana warkarwa nan take, na kuma ci gaba da roƙonsa, Mama ma tana taya ni.

Ina shirin hawa mashin sai wata ƙanwa daga cikin 'yan mawaƙa, ɗalibar kwalejin kiwon lafiya ta nan Jega, ta ja ni bayan majami'a. Ba ta ce komai ba, ta zuge jakarta ta nuna mini. Na san kowane fakiti da ke ciki. Ta ce, "Yaya, wace rana likitan yake zama?" Ran Talata muka je tare.

A watan jiya sau biyu ya zo mini, ɗaya na tare shi da wuri ya tsaya a rabin yini, ɗayan ya kwantar da ni har na rasa sujada. Ku riƙa tunawa da ni da wannan ƙanwa a addu'a, tana cikin makonninta masu wuya na barin ƙwayoyin. Ku sa da Inna, gwiwoyinta suna damunta tun damina. Na kai wa ɗanta kuɗin man da ya ƙona a daren nan, ta sa ya dawo mini da su a cikin kwanon tuwo.